Kwana uku a ƙafa cikin fadamar Baturiya: inda taswirar waya ta kasa, dattijo ya iya

Duk mai yawo a TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon nan: matashi da jaka a baya, sanduna biyu a hannu, ga dusar ƙanƙara a kan duwatsu, ga wani kiɗa mai sanyi yana tashi. A ƙasan bidiyon sai ka ga 'yan Arewa mun yi layi muna rubuta "Allah Ya kai mu." Ni ma na rubuta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Yawancin bidiyoyin daga duwatsun Alps na Turai ake ɗauko su. Akwai wata sananniyar hanya da ta zagaye dutsen Mont Blanc, tsawonta kusan kilomita 170, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Mutane kan yi kamar kwana goma suna bin ta a ƙafa, suna kwana a ɗakunan da aka gina a bakin hanya, da yawansu kuma tare da ɗan jagora. A Tanzaniya doka ce ma, ba ka hawa Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 sai da ɗan jagora mai lasisi. Ko a nan gida, masu zuwa Chappal Waddi a jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Nijeriya mai mita 2,419, sai sun nemi wanda ya san dajin.

To amma biza da kuɗin jirgi ba wasan yara ba ne. Muna wannan hira a teburin mai shayi a Kano, mu huɗu, sai ɗaya daga cikinmu, ɗan Haɗeja, ya ce in dai tafiyar ƙafa ta kwanaki muke so, mu bi shi gida. Muka tuntsire da dariya. Muka ce Jigawa ai shimfiɗe take kamar tabarma, Dutse ɗaya muka sani, shi ma babban birnin jiha ne. Ya ce ya yarda babu tsauni, amma akwai wurin da mutum zai ɓace cikin awa guda in babu mai nuna masa hanya. Musun da ya kai mu Baturiya ke nan a tsakiyar hunturu.

Ina ne Baturiya?

Baturiya na cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma a masarautar Haɗeja. Ɓangare ce ta babbar fadamar nan da ake kira dausayin Haɗeja da Nguru, wadda ta shimfiɗu tsakanin jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi.

Ruwan da ke ciyar da ita daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da kogin Chalawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya tarar da tsofaffin tuddan yashi a jere, ya kasa tafiya a miƙe, ya rarrabu rassa-rassa, ya bazu cikin kwaruruka. Can gaba, wajen Gashuwa, ruwan ya haɗu da na kogin Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Irin waɗannan tuddan yashi su ake kira jigawa, sunan da jihar ta ɗauka da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Duniya ta san da wurin fiye da yadda mu muka sani. A 2008 aka saka Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma faɗin da aka yi wa rajista ya haura hekta 100,000. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa a kafa sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, dausayin Haɗeja na cikinsu. Ni kuwa, ɗan Kano da ke cin bandar Haɗeja tun yana yaro, ban taɓa jin sunan ba sai a teburin mai shayi.

Rana ta farko: Baba ya zazzage mana jaka

Mun kwana a Haɗeja, da sassafe muka kama hanyar Baturiya. Abu na farko da ɗan garin namu ya sa muka yi shi ne gaisuwa. Muka je muka gaida mai gari, muka gabatar da kanmu ga masu kula da gandun, muka faɗi abin da ya kawo mu da kwanakin da za mu yi. Daga nan aka haɗa mu da wanda zai ja mu, wani dattijo masunci, siriri, mai ƙarancin magana. Baba muka riƙa ce masa, shi kuma yana ce mana samari. Ya zo da jikansa, yaro ɗan shekara kamar goma sha biyar, wanda zai riƙa zagayowa da kwalekwale yana tarar mu a inda ƙafa ba ta wucewa.

Kafin mu ɗaga ƙafa Baba ya ce a buɗe jakunkuna. Ya ware lasifikar kiɗa da kwalbar turare da kayan ado kala uku na abokinmu mai ɗaukar bidiyo, ya ce a bar su a gari. Ya tambaya ina bargo, ina gidan sauro, ina tocila, ina buta. Da ya ga farin kambas ɗina sai ya yi murmushi kawai, bai ce komai ba. Kafin azahar na gane ma'anar murmushin.

Dokokinsa uku ne. Inda ya taka nan za mu taka. Babu mai shiga ruwa sai ya ce a shiga. Duk wanda muka tarar kuma a gaishe shi, kada a ɗauki hoton kowa sai an nemi izininsa.

Ni dai a zuciyata na ce ai muna da taswirar Google. Ba mu yi awa biyu ba na duba waya, ta nuna mini fili fetal a gabana. Na ɗaga kai, ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, bado ya rufe shi da fararen furanni. Hoton da ke cikin wayar an ɗauke shi ne a wani lokaci daban na shekara, wataƙila ma wata shekarar daban. A nan ƙasa ba ta zama yadda take. Wurin da aka bi da amalanke bara, bana sai da kwalekwale. Can gaba kaɗan sabis ɗin ma ya ɗauke, aka huta da musu.

Taswirar Baba a jikin itatuwa take. Ya nuna mana wani baƙin zobe a gindin giyayya, daidai ƙirjina, ya ce iyakar inda ruwa ya kai ke nan da damina. Inda ka ga giyayya da bagaruwa sun yi yawa, ruwa na kwanciya a wurin, ka yi hattara da ƙasar ko da ta yi kamar ta bushe. Inda goruba ta jeru kuwa tudu ne, yashi ne, ka taka da ƙarfinka. In kana neman mashigi, nemi sawun shanu, domin makiyayi ba ya tura dabbarsa inda za ta nutse.

Tafiyar ba ta da hawa, amma kada wani ya ce maka tana da sauƙi. Yashin tudu na cinye ƙarfin ƙafa, taki uku kamar biyu. Ka sauko kwari ka shiga taɓo, ka fito ƙarangiya ta kama wando. Mukan tashi bayan asuba mu yi tafiya har hantsi ya ɗaga, mu fake a inuwar tsamiya ko kanya har la'asar, sannan mu ƙarasa kafin magariba.

Daren farko a kan wani tudu muka yi shi, kusa da sansanin masunta. Hayaƙin banda na tashi, an jera tarwaɗa da karfasa a kan wuta. Suka ba mu wuri, suka ba mu kifi, ba tare da sun tambayi ko mu su wane ne ba, tunda tare da Baba muka zo. Sanyin bakin ruwa da hunturu kuwa, wallahi sai wanda ya kwana. Wanda ya so barin bargonsa a gari don jaka ta yi sauƙi, shi ya fi kowa yi wa Baba addu'a a daren.

Rana ta biyu: laka ta ci waya

Da safe muka shiga yankin kachala. Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsayi, ta tsaya a cikin ruwa kamar katanga. In ka shiga tsakiyarta ba ka ganin gabas ba ka ganin yamma, sai sama. Jikan Baba ya ɗauke mu a kwalekwale ta wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sare da hannu, ya sauke mu a ɗaya gefen.

A nan abin ya faru. Wasu fararen tsuntsaye suka sauka a wani koren fili can gefe, kyakkyawa kamar filin ƙwallo. Abokinmu mai bidiyo ya ga abin da ya zo nema. Bai ce wa kowa komai ba ya ratse, waya a hannu, yana sanɗa. Taki biyar ya yi. A na shida ƙasar ta buɗe, ya nutse har cinya. Ashe ciyawa ce kawai ta shimfiɗu a kan laka. Ya yunƙura zai fito, ya ƙara nutsewa har ƙugu, wayar ta suɓuce ta faɗa.

Mu uku muka rikice, har ɗayanmu ya zabura zai bi shi. Baba ya daka masa tsawa, karo na farko da muka ji ya ɗaga murya. Ya ce wa wanda ya nutse, yaro, daina motsi, kwanta da bayanka, buɗe hannuwa. Ya miƙa masa doguwar sandar da ake tuƙa kwalekwale da ita, ya sa muka riƙe ɗaya ƙarshen, muka riƙa ja a hankali. Mun fi minti goma kafin ya fito, babu takalmi ɗaya, babu waya, jikinsa na ɓari.

Baba bai yi masa faɗa ba. Ya dai nuna masa wurin ya ce, ka ga sawun saniya ko ɗaya a nan? Babu. Filin da ke da ciyawa kore shar a tsakiyar rani, amma dabba ba ta taɓa shi ba, akwai dalili. Ya sa ya wanke jikinsa da ruwan jarka, ya goge sosai, domin ruwan da ke kwance a irin wurin nan yana ɗauke da tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa.

Bidiyon kwana ɗaya da rabi ya tafi da wayar. Mun yi ta tsokanarsa daga baya, amma a lokacin babu wanda ya yi dariya. Da shi kaɗai ne a wurin, da labarin ya sha bamban.

Yadda kachala ta cinye hanya

Da muka zauna hutawa na tambayi Baba ko tun asali haka ciyawar nan take da yawa. Ya girgiza kai. Ya ce yana yaro ruwa na da lokacin zuwa, yana da lokacin tafiya. Ya zo da damina ya cika fadama, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. In ya janye a bi danshi a shuka wake, shanu su sauko su ci ciyawa, rassan kogi da yawa su bushe ƙaf har wata daminar. Kowa da lokacinsa: masunci, manomi, makiyayi.

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da masana suka rubuta. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Chalawa kuma a 1992. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha ga miliyoyin mutane, har da mu 'yan Kano, wannan ba abin musu ba ne. Amma sun sauya numfashin kogin. Ambaliyar damina da ke cika fadama ta ragu, sannan ana sako ruwa da rani, rassan da a da suke bushewa suka koma jiƙe duk shekara. Abin da kachala ke so ke nan. Ta tsiro, ta rage wa ruwa gudu, yashi da laka suka taru a gindinta, hanyar ruwa ta toshe.

In hanya ta toshe ruwa ba ya komawa inda ya fito, wata hanyar yake nema. Shi ya sa za ka ga wani ƙauye ruwa ya kwanta a gonakinsa shekara da shekaru, wani ƙauyen kuma a gaba yana kukan ruwa bai iso ba. Kachalar kuma ta zama masaukin tsuntsayen jan baki masu sauka a gonar shinkafa da gero kamar hadari, ga sauro. In aka yi shekarar ruwa mai yawa, irin 2020 da 2022, toshewar na cikin abubuwan da ke ƙara wa ambaliya muni a ƙasar Haɗeja.

Ba yau aka fara magana a kai ba. Tun 1987 aka kafa wani shiri na kare dausayin Haɗeja da Nguru. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka nuna cewa in aka haɗa noma da su da itacen da mutane ke samu, ruwan da ya isa fadamar ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tare don noman rani a sama. Gwamnatoci da al'ummomin yankin sun sha yin aikin yashe hanyoyin ruwa da sare ciyawar, wani lokaci da injuna, wani lokaci da aikin gayya. Sai dai kachala in ka sare ta ka juya baya, sai ta dawo.

Na yi shiru ina tunanin famfon gidanmu. Ruwan da nake bari yana zuba ina danna waya, daga kogi ɗaya yake da wanda Baba ke jira.

Gaisuwa ce tikitin wucewa

Da yamma muka ratsa gonakin rani: alkama, albasa, tattasai, kankana. Baba bai taɓa yanke ta cikin gona ba ko da hakan zai rage mana tafiya. Kan iyaka muke bi, ko burtali. Daga nesa yake yin sallama, ya tsaya a gaisa, a tambayi gida, a tambayi ruwa, sannan ya ce baƙi ne daga Kano suka zo ganin wuri.

Da farko na ga kamar ɓata lokaci ne. Daga baya na fahimta. Yanki ne da Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa ke cin abinci a ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya, kuma yayin da wurin ke ƙara matsewa, saɓani tsakanin manoma da makiyaya kan taso, musamman da rani, wani lokaci har da asarar rai. A irin wannan wuri, baƙin fuska huɗu da jakunkuna suna ɗaga waya suna ɗaukar gonar mutum ko garkensa ba abin wasa ba ne. Fuskar Baba ce takardar izininmu. Da ɗan gari akan ci gari.

Kusa da wata ruga muka yada zango a dare na biyu. Baba ya gaisa da su da Fulatanci, aka kawo mana kindirmo a ƙwarya. Abokinmu marar waya, da takalmin roba na aro a ƙafa, shi ya fi kowa hira a daren, tunda ba shi da abin dannawa.

Rana ta uku: baƙi daga Turai

Tun kafin assalatu Baba ya tashe mu. Muka yi sallah, muka bi shi cikin duhu zuwa bakin wani tafki, ya ce mu zauna, kada wanda ya yi tari. Hazo ya kwanta a kan ruwa. Da gari ya fara wayewa sai muka fara jin su kafin mu gan su: fito-fiton kirinjijiya, kukan dinya, da wasu muryoyi da ban san masu su ba.

Da haske ya fito, ruwan gaba ɗaya motsi yake. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai gadi. Belbela ta yi fari a kan bagaruwa. Can wani masunci ya kifa cikinsa a kan ƙatuwar gora yana iyo, tsuntsayen ko a jikinsu. Sai wani abu ya firgita su, dubbai suka tashi lokaci guda, ƙarar fukafukansu kamar ana kaɗa tabarmi. Ban ɗaga waya ba. Na manta da ita ma.

Baba ya nuna mana wasu ƙananan agwagin ruwa da wasu masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a gefen laka, ya ce waɗannan baƙi ne, da sanyi suke zuwa, kafin zafi su tafi. Gaskiyarsa. An ƙirga sama da nau'in tsuntsaye 370 a dausayin Haɗeja da Nguru, da yawansu kuma daga Turai da arewacin Asiya suke tasowa in sanyin can ya tsananta. Su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, wannan fadamar na cikin wuraren farko da suke samun ruwa da abinci. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona a jihar Yobe ta yanzu a 1989, a ɗaya ɓangaren dausayin.

Abin ya ba ni dariya. Muna nan muna mafarkin zuwa ƙasashensu, su kuma tsuntsayensu kowace shekara nan suke zuwa hutun sanyi, ba biza ba fasfo.

Na tambayi shamuwa, Baba ya ce wannan ai ta damina ce, yanzu ta yi kudu. Na tambayi gauraka. Ya yi jim, ya ce ya daɗe rabonsa da ita, jikansa ma bai taɓa ganinta ba. Gauraka, tsuntsuwar da ake yi wa kallon alamar Nijeriya, ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar saboda kamu da lalacewar irin waɗannan wurare.

Wa zai gaji Baba?

A hanyar komawa abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Duk abin da ya tsare mu a kwana ukun nan a kan mutum ɗaya yake, ba a rubuce yake ko'ina ba. Baba ya ce 'ya'yansa maza sun tafi birni neman kuɗi, kuma bai ga laifinsu ba, tunda kifin ba kamar da ba. Jikan ne kawai ke biye da shi, shi ma hankalinsa na kan babur.

A ƙasashen da muke kallo a bidiyo, jagorancin masu tattaki sana'a ce mai horo da lasisi da farashi. A nan kuwa mai ilimin yana nan, wurin yana nan, tsuntsayen na zuwa, amma babu wanda ya haɗa su ya zama abin ci da kai. Mu matasan Arewa mun san tattaki, amma na siyasa: tun 2015 ake tashi daga wannan gari zuwa wancan a ƙafa don taya ɗan takara murna. Ƙafar da ta iya wannan za ta iya kwana uku a fadama.

Matasan Haɗeja da Kirikasamma da Guri, wannan taku ce. Kuna da yaren, kuna da dangi a ƙauyukan, kuna da waya. Ku zauna da irin su Baba tun suna nan, ku koyi hanyoyi da sunayen tsuntsaye da itatuwa, ku ɗauki muryoyinsu da izininsu. Ɗalibai masu karanta ilimin halittu da na muhalli a jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Gashuwa kuma, ga aji a buɗe kusa da ku. Ranar 2 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar dausayi ta duniya, kuma ta faɗo daidai lokacin da baƙin tsuntsayen ke nan.

In ka yi niyyar zuwa

Lokacin da ya fi shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu: ruwa ya ja baya, tsuntsaye sun iso, rana ba ta yi zafi ba. Da damina kada ka gwada.

Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ku shiga ba tare da ɗan jagora na wurin ba. Ku fara da mai gari da masu kula da gandun, ku tambayi halin da ake ciki na tsaro a makon da za ku je, ku gaya wa na gida inda kuke da ranar dawowa. 'Yan mata ma za su iya, a ƙungiya, da sanin iyaye, a kuma tsara wurin kwana a cikin gari tun kafin a tashi.

Ku yi ciniki da ɗan jagora tun farko, ku biya shi da mutunci. Kada ku kashe dubbai a kan data da kayan ɗaukar hoto sannan ku tsaya taya dattijo kamar kuna sayen tumatir.

Ku riƙi bargo, gidan sauro, tocila, hula, man shafawa saboda hunturu, da takalmi rufaffe wanda ba ku jin tausayinsa, saboda ƙaya da maciji. Ruwan sha ku tafasa ko ku zo da naku. Kada ku yi wanka a ruwan da ke kwance. Wanda ya shiga, in ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi bayan dawowa, ya je asibiti ya faɗi inda ya je. Waya a sa ta cikin leda a ɗaure, a rataya a wuya. Ledar da kuka shiga da ita kuma ku fito da abarku. Ba a harbin tsuntsu, ba a ɗaukar ƙwai, ba a barin wuta tana ci.

Da muka iso Baturiya da la'asar ɗin rana ta uku, farin kambas ɗina ya koma kalar tukunya, ƙafafuna duk sun yi bororo. Muka yi wa Baba godiya, muka ce in Allah Ya yarda baɗi za mu dawo, kuma yanzu ai mun gane hanya. Ya yi irin murmushin nan nasa. Ya ce samari, hanyar da kuka bi bana ba lallai ku same ta baɗi ba, ruwa ne ke yanke hukunci. In kun zo ku neme ni, in da rai sai mu nemo wata.